Garin da Ruwa Ya Saki

A tashar mota, wani manomi ya dubi tsohuwar da ke gefensa rungume da sabuwar tsintsiya.

"Iya, tafiya har da tsintsiya?"

"Gidanmu zan share, ɗan nan. Tun ina amarya aka tashe mu aka gina dam, ruwa ya cinye garin. Bana fari ya ja ruwan baya, an ce har dakalin babana ya fito."

"Farin nan da ya ƙone mini gona?"

"Shi fa. Allah ya mayar maka da alheri."

Ya ɗaga kai, sai ga hadarin da ya daɗe yana roƙo ya haɗo. Ita ma ta gani, ta ƙanƙame tsintsiyar.

"Ya ɗan jira ni mana, ɗan nan. Shara ɗaya kawai zan yi."