Yadda Na Tare a Tsibirin da Ban Taɓa Takawa Ba

'Yan'uwana mata na Paris da na Lyon, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda yake neman wadda ta ɓace ko da a cikin kicin ɗinta ta ɓace. Mama Rahila, matar fastonmu, ita ta ce in rubuta wannan don takardar zumuntarmu, tunda ranar taron Saint-Denis hawaye sun hana ni kai ƙarshe.

Abin ya fara ne da ƙarar cokali. Ina ajiye wayata a kan firiji, kusa da wani kofin gilashi da nake zuba ƙananan cokula. Wata rana da hantsi ina yanka albasa, wayar ta girgiza, cokulan suka yi kar-kar-kar a cikin kofin. Maigidana ne, Baban Tabita. Ya rubuto: "Duba, na shiga jarida."

Ga waɗanda ba su san mu ba, maigidana ma'aikacin lantarki ne. Ya daɗe a wata masana'anta a Saint-Fons, sai aka rufe sashensu. Wani kamfani ya ɗauke shi ya kai shi wani tsibiri can arewacin Scotland, inda ake kiwon kifi a cikin teku, shi ke kula da injinansu. Ni da 'yarmu Tabita, mai shekara takwas, muka zauna a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon.

Abin da ya turo mini shafin labaran tsibirin ne. Ga shi a kan tsani yana gyara wutar zauren taron garin, wasu tsofaffi biyu na riƙe masa tsanin, yana dariya har haƙoransa a waje. Na daɗe ina kallon hoton nan. Na yi murna, amma har da haushi. To ashe yana dariya haka?

Duk wadda ta san Baban Tabita ta san ba shi da magana. Ki kira shi ki ce ina gajiya, ya ce babu. Yaya sanyi, da sauƙi. Me ka ci, abinci. Sai ya ce a gaida mutane, shi ke nan an gama. Ni kuwa ina so in san inda yake kwana, wa ke gaishe shi, wace irin iska ke kaɗa shi. Abin da bakinsa ya hana ni, shafin nan ya ba ni har da ƙari. Turancina na makaranta bai kai ko'ina ba, amma waya tana juya mini shi zuwa Faransanci.

Wata dattijuwa ce ke rubuta yawancin labaran, kuma ba abin da take bari. Jirgin ruwan da ke kawo musu kaya ba zai zo ba saboda igiyar ruwa. Burodi ya ƙare a shago, mai fulawa a gida ta taimaka wa maƙwabta. Tunkiyar wani ta ɓace, tana da shuɗin fenti a kafaɗa. An tsinci safar hannu ɗaya a kan katanga. Matan coci za su yi miya ranar Alhamis, kowa ya zo da kwanonsa. In an yi rasuwa, mazan garin duka ke fitowa, su jeru, su riƙa karɓar akwatin gawa hannu da hannu har makabarta. Ranar da na ga maigidana a cikin layin nan, baƙin mutum ɗaya tilo da kafaɗarsa ƙarƙashin akwatin, na zauna na yi kuka kamar kakata aka binne. Da na tambaye shi sai ya ce, "I, an yi jana'iza." Iyakar labarin ke nan!

Ban san lokacin da abin ya zama sarƙa ba. Da na farka, kafin in ce Ubangiji na gode, sai in duba ko jirgi ya tashi. Ina wanke-wanke kunnena na kan kofin cokula. Shinkafa ta kama, ta sake kamawa, har tukunyata mai kyau ta yi baƙi. Na san wa ya haihu a tsibirin, wa ya sayi sabuwar mota, wa ke faɗa da hukuma a kan ramin hanya. Na fara kawo su cikin addu'a. Wasunku na nan ranar da na ɗaga hannu a zumunta na ce a yi addu'a saboda injin jirgin ruwa ya lalace, sai wata ta ce, "Madam Ekos, jirgin namu ne ko nasu?" Ekos shi ne sunan Scotland a bakin Faransawa, sunan kuwa ya bi ni. Kuka yi dariya, ni ma na yi, amma na koma gida da fushi. Na ce a raina ba ku san zaman jama'a ba.

Wannan ma wani ciwo ne da ya shige ni. Na raina inda nake. In na shiga lif na gai da mutum ya kalli ƙasa, sai in ce kai, a tsibiri da ba haka ba. Can ko ƙofa ba sa kullewa, direba ba ya wuce direba bai ɗaga masa hannu ba. Nan kuwa kowa ya rufe ɗakinsa kamar an kore shi. Na yi ta yi wa Allah ƙorafi: me ya sa ka kai shi cikin mutane, ka bar ni cikin siminti?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar Lahadi. Mutanen nan ba sa rubuta komai ran Lahadi. Ko wanki ba sa shanyawa, shago a rufe, shafin ya yi shiru tun daga daren Asabar. Ni kuwa ina zaune a coci, Littafi Mai Tsarki a buɗe a cinyata, waya a ƙarƙashinsa, ina ja da yatsa ko wani abu zai fito. Ina jin haushinsu don sun huta! Mama Rahila ta gan ni sau da yawa. Wata rana ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce in ba wa wayar hutu, na ce mata Mama, ai mijina nake bibiya, ba wasa nake ba. Sai ta saki hannuna.

Tabita yarinya ce mai surutu, ko in ce da can. Takan dawo daga lakwal, wato makaranta, da labari cike da baki, ni kuma in ce dakata, ina zuwa. Dakata, Tabita. Bari in gama wannan. A hankali ta daina kawo labarin, ni kuwa na ɗauka hankali ta yi.

Sai aka yi wata babbar guguwa a tsibirin. Abu na ƙarshe da dattijuwar ta rubuta shi ne kowa ya ɗaure abin da iska za ta iya ɗauka, ya leƙa tsofaffin da ke kusa da shi. Daga nan ɗif. Wuta ta ɗauke musu, layi ya yanke, wayar maigidana ba ta shiga, lambar kamfanin ma sai na'ura ke amsawa. Kwanaki aka yi a haka. Na jawo kujera gaban firiji na zauna. Ban yi girki na kirki ba, ban yi shara ba. Addu'ata duk ta zama faɗa: Ubangiji, ka dawo mini da layin nan, me zai rage maka?

Tun kafin guguwar Tabita ta ce mini kunnenta na ciwo. Na tuna na ba ta maganin ciwon kai na ce sanyi ne. Na tuna ta sake faɗa, na ce ta sa hula. Bayan haka ban tuna komai ba.

Ranar Laraba da azahar, ranar da yara ba su da karatun yamma, aka buga ƙofa. Hajiya Zara ce, maƙwabciyata da ƙofarmu ke kallon juna, mutuniyar Cadi, musulma, mai yi wa mata kitso a ɗakinta. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu a iya sanina. Tana riƙe da hannun Tabita, kan yarinyar rabi a tsefe. Ko gaisuwar ba ta tsaya ta gama ba.

"Maman Tabita, yaushe rabonki da duba kunnen yarinyar nan?"

Ta juya kan Tabita ta nuna mini. Ruwa ne mai kauri yake fita, ya bushe har gefen wuya. Ta ce ta kira ta ta wannan gefen, ba ta juyo ba, sai da ta zagayo gabanta. Na ce Hajiya, guguwa aka yi, ban san halin da babanta yake ciki ba.

"Guguwa a ina? Nan rana ake yi. Ɗauki gyalenki."

A cikin bas na ji sauran. Ashe duk Laraba a wurinta Tabita ke cin abincin rana. Ashe ita ta ɗinke aljihun rigar sanyinta. Kitson da nake gani a kanta ina cewa an yi mana kirki sau ɗaya sau biyu, ashe an daɗe ana yi. Hajiya ba da gori ta faɗa ba. Ta ce ita ta ɗauka ba ni da lafiya ne ina ɓoyewa, shi ya sa ba ta so ta dame ni. Na kalli titi ta taga, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ina can ina yabon matan da ke dafa wa maƙwabta miya a bayan teku, ga wadda ke ciyar da 'yata taku kaɗan daga ƙofata.

A asibiti likita ta leƙa kunnen, ta ɗago ta tambaye ni tun yaushe. Na san launin fentin da ke kafaɗar tunkiyar wani mutum da ban taɓa gani ba, ban san tun yaushe kunnen 'yata ke ciwo ba. Hajiya ce ta amsa. Likitar ta ce fatar cikin kunnen ta fashe saboda an bar ciwon ya daɗe, za a ba da magani, sau da yawa takan haɗe da kanta, amma ba za ta yi mini alkawarin jin zai dawo duka ba sai an sake gwadawa.

Muna zaune muna jiran takardar magani, Tabita ta kwantar da kanta a cinyata, sai jakata ta fara girgiza. Ta yi, ta sake yi, ba ƙaƙƙautawa. Layi ya dawo. Jikina duka ya tashi, hannuna har ya kai bakin jakar. Yarinyar nan da ciwonta ta ɗaga kai daga cinyata ta matsa gefe, don ta ba ni wuri in ɗauka. Ta saba.

A nan na karye. Na mayar da kanta cinyata, na rufe ido a gaban mutane na ce: Yesu, na gaji. Mijina a hannunka yake, kallona bai taɓa tsayar da iska ba. Ka kwance ni. Ka dawo da ni gidana. Na miƙa wa Hajiya jakar na ce ta duba ko akwai sunan Baban Tabita, shi kaɗai. Ta duba ta ce akwai, ya rubuto "Lafiya lau." Ta yi tsaki ta ce, "Wannan mijin naki, da kuɗi ake sayar masa da magana?" Na yi dariya da hawaye a fuska.

Ba zan ce muku ranar nan komai ya wuce ba. Na cire shafin daga wayar, na mayar, na sake cirewa. Akwai safiyar da hannuna ke ƙaiƙayi har sai na kama mopa na goge gidan da ba shi da datti. Mama Rahila ta riƙa kirana muna addu'a, ba ta taɓa cewa ai na faɗa miki ba. Na gaya wa maigidana komai, ya ce laifin har da nasa. Yanzu duk Lahadi bayan sujada yakan kira, kuma Tabita ta kafa masa doka, ba zai ajiye waya ba sai ya ba da labari na gaske. Yana ƙoƙari. Har yanzu dai sai an ja shi kamar guga daga rijiya. Daga bakinsa na ji an ga tunkiyar nan.

Da aka sake gwada kunnen, likita ta ce fatar ta haɗe, jin ya dawo, saura kaɗan da take sa ran zai cika. Har yanzu in ana hayaniya Tabita takan juyo da ɗayan gefen, kuma duk lokacin da na gani sai zuciyata ta tsinke. Amma na gode wa Allah! Na gode masa da ya aiko mini da taimako ta ƙofar da ban taɓa ƙwanƙwasawa ba. 'Yan'uwa, da yawanmu muna da wani a nesa, miji ko ɗa ko uwa a gida. Ku miƙa su ga wanda ba ya gyangyaɗi, ku dogara gare shi, ku juyo ku dubi wanda ke zaune kusa da ku.

Kwanan baya ina kicin ina tuƙa tuwo, zan kai wa Hajiya nata da miyar kuka, Tabita na tsaye tana ba ni labarin wata ƙawarta da ta zo lakwal da takalmi daban-daban. Cokulan suka yi kar-kar-kar a kan firiji. Ta katse labarin tana kallona. Na ce ci gaba mana, sai malamar ta ce me? Ta daɗe tana dubana, sannan ta zo ta rungume ni ta baya, fuskarta a jikin zanena.

"Mama," ta ce, "kin riga Baba dawowa daga tsibirin."