Tambayar da Malam Ya Yi Mini Kafin Ya Cika

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki, kai da masu sauraro. Daga Burumburum nake rubutowa, ina cikin takaba.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe yana gyaran injin wani jirgin fito a kogin Binuwai, mai tsallakar da motoci da mutane. Sai da sallah ko kaka muke ganinsa. In ya zo ma hirar jirgin ce: yadda aka kawo shi sabo, yadda aka sake masa inji, yadda aka mayar da shi wani mashigi bayan an gina gada. Ko sunan autarmu bai zo ba, wai jirgi ya kafe a yashi.

Wata huɗu ina jinyarsa, na ce yanzu kam nawa ne. Ranar da zai cika ya riƙo hannuna, na sunkuya ina jiran tawa maganar. Sai ya ce, "Hadiza, an yi wa jirgin nan juyen mai kuwa?" Na ce, "An yi, Malam." Wallahi ban sani ba. Ya yi murmushi, ya yi shahada.

Da kunya nake faɗa, kishin ƙarfe nake yi. Abokan aikinsa sun ce za a yanyanka jirgin a sayar, in zo in gan shi bayan takaba. Jama'a ku ba ni shawara, in je? Ina tsoron in tsane shi. Na fi tsoron in shaƙi warin man da Malam ke dawowa da shi a riga, in kasa tahowa.

Taku, Hadiza.