Allurar da Ba Ta Tashi da Safe

A tashar Kazaure, wani dattijo makiyayi ya kafe babur ɗinsa yana neman mai saye. Wani dillali ya tsaya.

"Baba, lafiya za a rabu da wannan?"

"Injin ne ya gaji, ɗana. Dubi allurar nan mai nuna bugun inji. Da safe in na murɗa, sai ta yi ta jan jiki kamar tsohuwar saniya. Sai rana ta ɗaga take miƙewa."

"Ash! Inji ya mutu ke nan. Zan karɓa don tausayi."

"Tausayi? Babur ɗin nan bai san wulaƙanci ba. Wayar mitar ma da hannuna nake zarowa, in shafe ta da man shanun Fatu, matata. Duk garinmu Roni babu man da ya kai nata."

Dillalin ya kwashe da dariya.

"Man shanu? Haba Baba! Shi ke daskarewa da sanyin safiya ya riƙe wayar, rana ta yi ya narke. A wanke da kananzir, a ɗiga baƙin mai, shi ke nan. Ni Zaharadeen, ƙara kawai nake ji in gane lafiyayyen inji irin wannan!"

"Lafiyayye ka ce?"

"Wato... Baba, abin da nake nufi..."

Dattijon ya haye babur ɗin, ya tayar da shi da bugu ɗaya.

"Allah ya yi maka albarka, na fasa sayarwa. Amma ka zama shaida, man Fatu ba shi da laifi. Kyau ne ya yi masa yawa."