Mushe ya mai da ɗiyata abin dariya saboda burodi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu saurare. Ni tela ce a unguwar Lazaret.

Bana mushen ajin ɗiyata Ramatu, wato malaminsu, ya ce zai riƙa ɗaukar karatu da salula yana turo wa iyaye, mu ga yadda yara ke ƙoƙari. Muka yi ta sa masa albarka.

Ranar Talata ya tsayar da ita gaban allo, ta faɗi sunan burodi da Faransanci. Ka san bakin Bahaushe da harafin "p". Maimakon "pain" sai ta ce "faim", wato yunwa. Aji ya kwashe da dariya. Shi kuma bai gyara mata ba, sau uku yana sa ta maimaita yana ɗauka. Ya ɗora kiɗa a kai, ya watsa a shafinsa.

Ina kan keke wata mai kawo ɗinki ta nuna mini bidiyon tana ƙyalƙyala dariya, ba ta san ɗiyata ce ba. Yanzu har Harobanda, gidan yayata, "Madam Yunwa" ake kiran ta. Kwana biyar ke nan ta ƙi zuwa lakwal, wato makaranta.

Na je na same shi, wai ai wasa ne, zamani ne ban gane ba. Tir da wannan zamani.

Masu saurare, ku ba ni shawara, in kai ƙara gun darakta ko in cire ta? Don ni karatu na kai ta, ban kai ta ta tara wa mushe mabiya ba.