Ambulan Ɗin Glenda Vassallo

Mai girma shugaban taro, Mista Rourke. Manyan gidan talabijin da ke kujerun gaba. 'Yan wasa, marubuta, masu ɗaukar hoto, da masu kwalliyar da suka tsufa suna shafa mana jinin ƙarya. Uwar ɗakinmu Glenda Vassallo, wadda aka sallamo daga asibiti jiya. Jama'ar Melbourne, barkanku da yamma.

Ni Des Mulcahy ina godiya da aka ba ni wannan dama, ko da yake na miƙe ban san ko yabo zan yi ko ƙara zan kawo ba.

Na farko, aikinta. Shekara arba'in da ɗaya tana shirya wasan 'yan sanda, kashi dubu da ɗari shida. Babu lungun da ba ta yar da gawa ba a garin nan. Ni kuwa shekara ashirin da biyu ina fitowa a Saje Hanlon, mutumin da bai taɓa karɓar ko shayin kyauta ba, har direban tarago kan ce, "Saje, zauna, ka sha fama da miyagu."

Na biyu, al'adarta. Glenda ba ta faɗin wanda ya yi kisa. Shafin ƙarshe yana cikin ambulan a jakarta sai ranar ɗauka, don kowa ya yi wasa da zuciyar mai gaskiya.

Na uku, kuma nan kaina ya ɗaure. Da ciwo ya kwantar da ita, saura kashi ɗaya, na kisan wani mai sayar da kifi, a rufe shirin har abada, sai ta aiko mini da ambulan ɗin. Noelene mai fitowa a likita ta tare ni, "Des, tsohon banza, ni ce?" Stavros, shi ma ɗan wasa, ya biyo ni har banɗaki. Kowa ya tambaya. Na buɗe, jama'a, farar takarda! Na juya ta, na ɗaga ta a rana, babu ko ɗigo.

Na garzaya asibiti. Na ce, "Glenda, kin manta ba ki rubuta ba."

Ta ce, "Ban taɓa rubutawa ba, sakarai. Jira nake kowa ya zo ya tambaye ni. Wanda bai zo ba, shi ne."

Na ce, "To ai wannan karon kowa ya tambaya."

Ta ce, "Kowa?"

Na lissafa mata su da yatsu, har na kai ƙarshe. Ta ci gaba da kallona tana tsotsar lemo.

Na ce, "Haba Glenda! Ni ne fa saje!"

Ta ce, "Shi ya sa ba wanda zai zata. Ja mini labulen nan."

Kwana biyar ke nan ina neman dalilin da Hanlon zai kashe mai sayar da kifi, ban samu ba. Matata ta ce ita dama ta daɗe tana zarginsa. Na yi niyyar ƙi. Amma matar da ba ta taɓa barin labari a buɗe ba, ba ni zan sa ta bar na ƙarshe ba. Ranar Litinin zan miƙa hannuwana.

Allah ya ƙara wa Glenda lafiya, ya mai da kowa gida lafiya, ya ba duk wanda zai sa mini ankwa tausayin tsoho mai ciwon gaɓoɓi.

Na gode.