Zanin Goyon da Aka Ajiye Mini a Ƙofa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, matan zumunta. Ni ce Saratu ta bencin baya. Kun san ni, ai kun sha waiwayowa ku kalle ni.

Ban gama kukan rasuwar maigidana ba cikina ya fara tashi. Duk Dutsin-Ma babu wadda ta tambaye ni me ke damuna. Aka ce gwauruwa ta yi cikin shege. Dattawan ikilisiya suka sa ni a horo, aka hana ni jibin Ubangiji. Na ce ban san namiji ba, wani dattijo ya ce, "Saratu, wata tara ai ba nisa." Dangin mijina suka zo daga Kurfi suka ɗauke 'yata Murna, wai kada in lalata ta.

Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da sabon zanin goyo a ninke. Wadda ta ajiye shi tana zaune a nan.

A kan zanin nan na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, in za ka ɗauke ni ka ɗauke ni, amma ka wanke sunana tukuna saboda yarinyar nan."

Maƙwabciyata Hajiya Binta, mai sayar da hatsi, ita ta leƙa idona ta ce, "Maman Murna, mai ciki ba ta yin ido ruwan ɗorawa haka. Tashi mu tai asibiti." Hoto ya nuna ciwon daji ne a hanta, ya yi nisa, ba ya yankuwa. Kun san abin da na yi? Dariya. Abin da kuka mai da ni ke nan, mai murna da ciwon daji.

Aka tura ni wani babban asibiti. Likita ta ce, "Mama, bincike ne muke yi. Na'ura za ta saita haske mai ƙarfi a kan kumburin kaɗai ta ƙone shi, ta bar sauran hantar. Ba mu yi miki alkawarin warkewa ba." Na ce a yi. Ɗakin na'urar akwai sanyi, in na fito ina rawar ɗari da zanin nan nake lulluɓa.

Kumburin ya ja da baya. Ina cin tuwona, ina komawa a duba ni. An dawo mini da Murna. Horon ma an ɗage, cikin sanarwa, tsakanin maganar share fili da ta gyaran rufi. Har yau ba wanda ya ce in yi haƙuri, kuma abin yana ci mini rai.

Na gode wa Yesu da bai jira wata tara ba kafin ya gaskata ni. Ku dogara gare shi, shi ba ya waiwayowa don ya yi kallo.

Ga zanin, na wanke na goge. Zan bar shi a bencin baya. Mai shi ta ɗauka in mun tashi.