Shafin Ɗinkin Mama

Auta: Salamu alaikum, Baba. Ina wuni?

Baba: Amin, wa alaikumus salam. Autata! Lafiya lau. Ya aiki? Ya maigidan?

Auta: Duk lafiya, yana gaishe ka. Ya ƙafar?

Baba: Da sauƙi, sai dai hawa bene.

Auta: Kana shan maganin kuwa?

Baba: Ina sha. In na tuna.

Auta: Haba Baba!

Baba: To, likita, na ji. Ke, muryar nan taki ba daidai take ba. Me ya faru?

Auta: Shafin intanet na koyar da ɗinki ne da Mama ta bari. An shiga.

Baba: Ai dama shiga ake yi. Ɗalibanta kullum suna ciki.

Auta: Ɓarayi nake nufi, Baba. Allura suka yi masa.

Baba: Wa aka yi wa allura? Layin nan na yankewa.

Auta: Ba mutum ba, shafin! Haka muke kiran abin a wurin aikinmu. Ka san akwatin da mamba ke rubuta sunanta kafin ta shiga?

Baba: Ɗan farin nan. Na sani.

Auta: To manhajar da ke karɓar rajista tana da rami. Maimakon suna, ɓarawo ya rubuta umarni a akwatin. Ita kuma ba ta tantance ba, ta miƙa shi ga rumbun bayanai, rumbun ya ɗauka mai gida ne ke magana, ya zazzage masa komai.

Baba: Inna lillahi! Komai kamar me?

Auta: Sunayen matan, lambobin wayarsu, kalmomin sirri.

Baba: Amanar mahaifiyarki ke nan.

Auta: Masu manhajar sun daɗe da aiko da gyara fa. Wani jan saƙo bai taɓa fito maka ba, wai a sabunta?

Baba: Yana fitowa.

Auta: Ba ka danna ba? Baba? Kana ji na?

Baba: Ina ji. Ban danna ba. Tsoro na ji kada abu ya canza. Yadda ta bar shi nake so ya zauna. Ko kujerar kekenta ban matsar ba, Auta, balle wannan.

Auta: Wayyo Baba. Ni ya kamata in riƙa dubawa, ni na haɗa mata shi. Tun rasuwarta ban iya buɗe shi ba sai yau.

Baba: Bar wannan maganar. Faɗa mini, bidiyoyinta fa?

Auta: Suna nan, ba a taɓa su ba. Na kwafe su wuri biyu.

Baba: Har wanda take koyar da wuyan riga, ta ɗinke shi a baibai ta fashe da dariya?

Auta: Har shi. Shi na fara kwafewa.

Baba: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Auta: Saura a sanar da matan su canza kalmar sirri, kuma kada su amsa baƙon saƙo da sunan shafin. Zan tura musu.

Baba: A'a, ni zan faɗa musu da bakina, in ba su haƙuri. Wasunsu har gida suka zo ta'aziyya. Ke dai toshe ramin.

Auta: Zan toshe. Amma dole in rufe shafin zuwa gobe da yamma.

Baba: Gobe da yamma? To da safe fa? Ni da ita muke shan shayi, ina kunna bidiyonta in jingina wayar da kofi.

Auta: Da ni za ka sha. Zan zo da sassafe.

Baba: Aikinki fa?

Auta: Ya jira. Sai dai ban iya wuyan riga ba, ko na baibai.

Baba: Ja'ira! Kin ga wannan dariyar da kika yi yanzu? Wallahi da na rufe ido, sai in rantse...

Auta: Baba, katina zai ƙare, sun yi mini gargaɗi.

Baba: To, to. Ki taho a hankali. Kada ki ƙwanƙwasa, makullin mahaifiyarki na nan a ƙarƙashin...